Fasahar gane murya da Hausar zangon Parakou da Djougou

Fasahar gane murya ita ce manhajar da ke sauraron maganar mutum ta mayar da ita rubutu ko umarni ga waya da kwamfuta. Ana koya mata harshe ne da muryoyin mutane masu yawa, haɗe da rubutun abin da suka faɗa.

Inda aka kai

A 2017 gidauniyar Mozilla ta buɗe shirin Common Voice, inda masu sa kai ke naɗar jimloli, kuma Hausa na ciki. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da manhajar da ke gane magana a harsuna fiye da 1,100. A Oktoban 2024 Google ya saka Hausa cikin harsunan da ake bincike da rubutu da murya.

Amfaninta a arewacin Benin

Djougou tsohon zangon fatake ne a hanyar goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, kuma har yau akwai Hausawa a can da Parakou. Harshen hukuma Faransanci ne, shi ne kuma aka fi gani a allon waya da tsarin tura kuɗi na MTN da Moov. Ɗan kasuwar da bai yi boko ba sau da yawa sai ya nemi mai karanta masa saƙo, asirin cinikinsa ya fita. Idan waya ta ji Hausa, zai aika saƙo ko ya nemi bayani da bakinsa.

Cikas

Hausar da ta fi yawa a rubuce da rediyo ta Kano ce. Ta zango kuwa tana cakuɗe da Dendi da Faransanci. Lissafi ma ya bambanta: a ƙasashen sefa dala ɗaya faran biyar ce, don haka “dala ashirin” na nufin 100. Manhajar da ta rubuta 20 ta jawo asara. Ga kuma kalmomi irin su “gari” na zama da “gari” na tuwo, waɗanda karin sauti da tsawon wasali ke rarrabewa.

Abin da ke gaba

Manhaja ba ta gane sai irin muryar da aka koya mata. Muddin ba a naɗi muryoyin mazauna zango ba, maza da mata, tare da yardarsu da sanin inda za a adana su, waya za ta ci gaba da jin Bakano ta kasa jin ɗan Djougou.