Gida da Maƙwabta a Matsayin Dodo: Tushen Labaran Ban Tsoro na Shirley Jackson

A ranar 26 ga watan Yuni na shekarar 1948, mujallar The New Yorker ta ƙasar Amurka ta buga wani gajeren labari mai suna "The Lottery", wato ƙuri'a. Labari ne na wani ƙauye mai mutane wajen 300, waɗanda sukan taru a dandali sau ɗaya a shekara, kowane magidanci ya zari takarda daga wani baƙin akwati a madadin iyalinsa. Gidan da ƙuri'a ta faɗa wa sai a sake yin ta a tsakanin mutanensa, wanda duk ya zari takarda mai ɗigon baƙi sai jama'a su jefe shi. A wannan karo ta faɗa kan wata matar aure, Tessie Hutchinson, har aka miƙa wa ƙaramin ɗanta tsakuwa don shi ma ya sa hannu. Babu fatalwa a labarin, babu aljani. Duk da haka marubuciyar ta sami wasiƙu fiye da 300 a 'yan watannin da suka biyo baya, kuma bisa ƙidayarta 13 ne kawai suka yi mata magana mai daɗi. Mahaifiyarta ma ta rubuto tana nuna rashin jin daɗinta.

Marubuciyar ita ce Shirley Jackson, wadda aka haifa a San Francisco a 1916. Ta auri Stanley Edgar Hyman, wani manazarcin adabi, a 1940, suka haifi 'ya'ya huɗu, suka zauna a ƙaramin garin North Bennington a jihar Vermont, inda mijin yake koyarwa a wata kwalejin 'yan mata. Mutanen garin ba su taɓa ɗaukar su 'yan gida ba: baƙi ne, 'yan boko, ga mijin Bayahude. Wannan zaman doya da manja ya bar tabo a kusan duk abin da ta rubuta.

Masu nazari sukan sanya ta a layin wani tsohon nau'in ƙagaggen labari na Turawa da ake kira Gotik, wanda ya bunƙasa a Ingila a ƙarshen ƙarni na 18. Ann Radcliffe ce ta fi fice da shi a littafinta The Mysteries of Udolpho na 1794, inda ake kulle budurwa a wani tsohon katafaren gida, wani namiji yana neman ƙwace mata gado. A 1892 Charlotte Perkins Gilman ta rage girman gidan ya koma ɗaki guda, wanda miji likita ya tsare matarsa a ciki da sunan magani har hankalinta ya gushe. Sai a 1974 Ellen Moers ta raɗa wa wannan layi suna Gotik na mata. Jackson ta gaji wannan tafarki, kuma tana da sha'awar littattafan ƙarni na 18, musamman na Samuel Richardson, har ta sa wani tauraronta yana karanta Pamela kafin barci. Amma akwai wata rijiya da ta fi sha daga cikinta, wato tarihin maita. Ta tara littattafai masu yawa a kan tsafi da sihiri, kuma a 1956 ta rubuta wa yara tarihin shari'ar mayun garin Salem ta 1692, inda aka rataye mutum 19, 14 daga cikinsu mata. Abin da ya ɗauki hankalinta a nan shi ne masu zargin: yadda maƙwabtan da suka san juna tun ƙuruciya suke haɗa baki a kan mutum ɗaya, kowa yana ganin aikin kirki yake yi. Bahaushen da ya san irin tsohuwar da aka fi laƙaba wa maita a ƙauye, marar ɗa marar gata, ba zai yi mamakin wannan ba.

Nau'in da ta fi ƙwarewa a kai shi ne labarin gidan da ake jin motsi a cikinsa. A The Haunting of Hill House na 1959, wani masani ya gayyato mutane don su kwana a wani gida da ake cewa da fatalwa. Cikinsu akwai Eleanor, mai shekara 32, wadda ta shafe shekara 11 tana jinyar mahaifiyarta, bayan mutuwarta kuma ta koma kwana a ɗan gadon wucin gadi a gidan 'yar'uwarta. Ba ta da ɗaki nata, ba ta da ƙawa. Motar da ta zo da ita ma sace ta ta yi, alhali rabinta nata ne. Ana bugun ƙofofi da dare, ana samun sunanta rubuce a bango, amma har littafin ya ƙare ba a nuna wa mai karatu fatalwa ko ɗaya ba, ba a kuma fayyace masa ko gidan ne ke kiran Eleanor ko ita ce ke motsa gidan ba. Da aka ce ta koma inda ta fito, sai ta kara motarta da itace a harabar gidan. Gwanintar Jackson tana nan: abin da ya halaka matar shi ne, a karon farko a rayuwarta, ta sami wurin da yake son ta.

Littafinta na ƙarshe da ta kammala, We Have Always Lived in the Castle na 1962, ya juya al'amarin. 'Yan'uwa mata biyu, Constance da Merricat, suna zaune a gidan gadonsu bayan guba da aka zuba a sukari ta kashe yawancin iyalin. Wani ɗan'uwansu namiji ya zo yana hararar dukiya, gobara ta tashi, mutanen gari suka farfashe kayan gidan, daga baya kunya da tsoro suka sa suna ajiye musu abinci a ƙofa da dare. A wannan karo mayyar ce da kanta ke ba da labari, kuma tana cikin farin ciki.

A kan batun 'yancin mata, tarihi bai yi mata adalci da wuri ba. Tana rubuta labaran barkwanci na raino da girki a mujallun mata, waɗanda aka tara a Life Among the Savages a 1953, kuma saboda su Betty Friedan ta soke ta a 1963, a matsayin ɗaya daga cikin marubutan da ke yi wa zaman gida kwalliya. Sukar ba ta yi nisa ba. A cikin littafin nan ne Jackson ta ba da labarin ranar da ta je asibiti haihuwa, aka tambaye ta sana'a ta ce marubuciya, ma'aikaciyar ta rubuta matar gida. Ko a "The Lottery", maza ne ke zarar takarda, 'yar da ta yi aure kuma a gidan mijinta ake ƙidaya ta. Tarihin rayuwarta da Ruth Franklin ta wallafa a 2016 ya nuna cewa a shekaru da dama ita ta fi mijin samun kuɗi, amma shi ke riƙe da jaka, ita ke wanke kwanuka.

Bayan 1962 tsoron fita waje ya kama ta, ta yi watanni ba ta taka ƙofar gida ba. Ta fara samun sauƙi, ta soma wani sabon littafi, Come Along with Me, sai ciwon zuciya ya ɗauke ta tana barci a watan Agusta na 1965, tana da shekara 48. Mijinta ya buga abin da ta bari a 1968. A cikinsa wata mata ce da mijinta ya mutu ta sayar da gida da duk abin da ke ciki, ta kama hanyar wani birni inda ba wanda ya san ta, ta raɗa wa kanta sabon suna.