Bargunan Gee's Bend

Bargunan Gee's Bend barguna ne na haɗe-haɗen ƙyallaye da matan baƙaƙen fata ke ɗinkawa a ƙauyen Gee's Bend da ke gaɓar kogin Alabama a Amurka. Sana'ar ta samo asali tun ƙarni na 19, a zamanin bauta. Matan kan yayyanka tsofaffin tufafin aiki da buhunan hatsi, su harhaɗa su murabba'i cikin murabba'i, su shimfiɗa auduga a tsakiya, sannan su taru su ɗinke da hannu.

A shekarar 2002 aka baje kolin bargunan a gidan adana kayan fasaha na Houston. A 2003 matan suka kafa ƙungiyarsu, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki 10 masu hotunan bargunan.