Labarin Azara Da Iyakar Ƙarfinta

Duk wanda ya san ƙauyukan arewacin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir har Bichi da Ɗambatta, ya san ƙasa ce da gona ke manne da gona, ba wani daji da mutum zai shiga ya saro itacen rufi. Itatuwan da ke cikin gonaki, ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya, kowanne da mai shi, amfaninsu kuma a tsaye ya fi. Sabo da haka tun zamanin dā, mai son gina soro sai ya sayi azara da kuɗinsa. Abin da aka saya da tsada kuwa ba a ɓarnarsa. Wannan ya sa maginanmu suka gwanance wajen sanin nauyin da azara ɗaya za ta iya ɗauka.

Azara dai tsagin giginya ce, an fi son ta namiji don tauri, gara kuma ba ta cika cinta ba. In aka gitta ta bisa bango biyu, aka shimfiɗa asabari, aka zuba ƙasa, sai ta ɗan lanƙwasa a tsakiya ko da ido bai gani ba. Gefenta na sama yana matsuwa, na ƙasa yana miƙuwa. To, a nan masana suka raba magana biyu. Akwai matsi, watau yawan ƙarfin da ya faɗa wa kowane inci na kaurin itacen, ko na danna shi ne ko na jansa. Akwai kuma miƙuwa, watau yawan abin da itacen ya ƙaru ko ya ragu in an gwada da tsawonsa na asali. Na farko sanadi ne, na biyu amsar da itacen ya bayar.

Wani Bature mutumin Ingila, Robert Hooke, shi ya bayyana dangantakarsu a 1678. Ya ce gwargwadon ja, gwargwadon miƙuwa: in an ninka nauyi, miƙuwa ta ninka, in an sauke kuma abin ya koma yadda yake. Shi ma ya taɓa aikin gini, don yana cikin waɗanda suka auna filayen birnin Landan bayan gobarar 1666. A 1807 Thomas Young ya yi bayanin yadda kowane abu ke da nasa ma'aunin tauri, na ƙarfe daban, na itace daban. Amma ƙa'idar Hooke tana da iyaka, kowane maharbi kuwa ya santa. Ja baka daidai, ka saki, ya koma. Ja shi ya wuce kima, ko dai ya zauna a tanƙware har abada, ko ya karye a hannunka.

Iyakar da magina suka tsayar wa azara ita ce kamar ƙafa 6 tsakanin bango da bango. Mai karatu zai ce, in an sami doguwar azara, me zai hana a faɗaɗa ɗaki? Lissafi ya ba magina gaskiya. In aka ninka faɗin ɗaki, kaurin ƙasar rufi yana nan yadda yake, matsin da ke tsakiyar azara zai ninka sau 4, lanƙwasawarta kuwa sau 16. Ba wanda ya rubuta musu wannan. Rufin da ya rufta wa kakanninsu shi ya koya musu, ɗa ya karɓa daga uba, har ya zama doka a hannun Sarkin Magina.

Amma sarki ba zai yi fada a ɗaki mai ƙafa 6 ba, jam'i kuma ba zai shiga ba. Sai aka shiga dabara. Aka riƙa fito da guntayen azara daga cikin bango, ko a gitta su a kusurwa, don a rage tazarar da ta sama za ta tsallaka. Inda wannan bai isa ba a kafa ginshiƙi. Babbar dabara ita ce bakan gizo. A dasa azara cikin bango, a ɗora wata ta ɗan zarce ta, a ɗaure da igiya, a shafe da laka, a bari ta bushe, sa'an nan a ƙara wata, daga wannan gefe da wancan, har su gamu a sama. Ku dubi hikimar da ke ciki. Laka tana jure danni, amma da an ja ta sai ta tsage. Zaren giginya kuwa ja ne ya fi jurewa. Aka haɗa su, kowanne ya ɗauki abin da ya iya. Wanda ya kai wannan aiki matuƙa shi ne Babban Gwani Mika'ilu, da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A Kano ma ana ganin irin wannan gini a Gidan Makama da cikin Gidan Sarki.

Akwai abin da ƙa'idar Hooke ba ta faɗa ba, magina kuwa sun lura da shi. Itacen da ya shekara da shekaru ƙarƙashin kaya yakan yi ta sakin jiki a hankali, har rufi ya yi ciki. Inda ya yi ciki nan ruwa ke kwanciya maimakon ya bi indararo. Ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, azara ta jiƙe ta yi rauni. Shi ya sa soraye suka fi ruftawa cikin marka, wajen watan Agusta, shi ya sa kuma mai hankali ke hawa soronsa ya yi yaɓe tun da bazara. Ni a ganina yawancin soron da ya faɗi laifin mai gida ne, ba na magini ba.

Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, aka tura hakimai suka zauna a gundumominsu, magina suka bi su. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa ya shiga ƙauye, manomin da dā yake ɗakin ciyawa ya fara sha'awar soro. Daga baya kwano ya zo, ga shi ba nauyi, sai azara ta fara ja da baya. Yanzu kuma bulo ne da kankare.

Sai dai kankare ɗan'uwan laka ne, yana jure danni, ba ya jure ja, rodi kuwa shi ne azararsa. Don haka a rufin da ke kan bango biyu, ana sa rodi ta ƙasa, inda ake miƙuwa. A barandar da ta fito waje ba ginshiƙi, gefen sama ne ke miƙuwa, can rodi ya kamata ya zauna. In leburori suka tattake shi ya nutse ƙasa lokacin zuba kankare, ba wanda zai gani da ido, sai ran da aka zare katakon da ke tokare da ita.