Rufin da Ba Azara, Ba Kwano

An ce a rubuta wani abu na tarihi a wannan fitowa, kuma na san wasu za su zaci labarin goro ne, ko na shanu, ko na ayarin gishiri. Rufin ɗaki na zaɓa. Duk wanda ya buɗe littafin da muke rubuta lodi a ofis zai ga kaya uku da ba sa ɓacewa a shafi: kwano, siminti da katako. Mu muka kai su ƙauye, don haka ya kamata mu san abin da suka tarar a can da abin da suka ture.

Abin da suka tarar shi ne tubali da azara. Magini yana sa a haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a tattake da ciyawa, a bar ta ta ruɓa kwanaki, sannan a mulmula tubali da hannu, ƙasansa da faɗi, kansa da tsini, a shanya. Bango ba ya ba da wahala, domin ƙasa tana nan bayan gari. Rufi ne mai tsada. Azara daga gangar giginya ake tsaga ta, namijin ya fi ƙarfi, gara kuma ba ta cin ta da sauƙi. Sai dai in ta ɗauki nauyin ƙasa, ba ta iya ƙetare fili mai wuce kamar mita biyu ba tare da ta lanƙwashe ba. Wannan ne ya haifi bakan gizo: magini ya dasa azara cikin bango, ya ɗaure wata a kanta, yana tura su gaba kaɗan-kaɗan daga ɓangarori biyu har su haɗu a sama, sannan ya lulluɓe da ƙasa. Mai kallo ƙasa yake gani, amma ƙashin bakan itace ne. A saman soro a shafe da makuba ta kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina, a kafa indararo.

Sana'ar tana da tsari. Manyan garuruwa suna da Sarkin Magina, yaro kuma yana shiga hannun ubangida ne tun daga cilla tubali, ya yi shekaru kafin a bar shi ya ɗaura baka. Daga cikin wannan tsari Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya fito, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajejen 1830 zuwa 1840. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, wadda aka sake ginawa a 1844, ita ma ƙasa ce da itace.

Itacen ne ya fara ƙarewa. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka cinye daji, sai fari na 1973 da 1974, sai kuma na 1984. Giginya tana yin shekaru da yawa kafin ta isa tsagawa, kuma ba a dasa ta yadda ake sarewa. Kurmin giginya na Dallol Mawri, wajen Gaya, wanda ake jigilar azararsa har Yamai, sai da hukuma ta sa masa ido da takardar izinin sara. A arewa, inda ake rufi da gangar goruba da rassan itatuwa, mutane suka koma amfani da ɗanyen itace maras ƙwari, wanda gara ke gamawa da shi cikin 'yan damuna. Daidai lokacin nan kwano ya samu shiga. Ba nauyi, mota ɗaya ta ɗauki na unguwa guda, kafinta ya buga shi yini ɗaya, ga shi kuma yana walƙiya daga nesa ana cewa wane ya samu. Iyayenmu 'yan kasuwa sun ci riba da shi, ba kuwa laifi suka yi ba, buƙata suka biya. Amma kowa a cikinmu ya san ɗakin kwano a watan Afrilu da rana tsaka, ya san shi da asuba a hunturu, ya kuma san yadda iskar farkon damuna ke ɗauke shi ta jefar a gonar maƙwabci.

Duk da haka gwanaye ba su ƙare ba. A Yama, cikin jihar Tawa, manomi kuma magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin garin a 1962. Daga 1975 ya sake rufinsa da bakuna da tulluwa, ya tada hasumiya huɗu, kowace da irin fasalinta. A 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. Masu bin hanyar Ƙonni zuwa Tawa ba su da nisa da shi, amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa ratsewa su gani.

Maganin matsalar itace kuwa daga Masar ya zo. A can ƙasar Nuba, bakin kogin Nilu, inda itace bai taɓa wadata ba, magina sun daɗe da sanin yadda ake rufa ɗaki da bulon ƙasa zalla. Rumbunan hatsi da aka gina haka a kusa da Luksor, zamanin Fir'auna Ramsis na biyu, sun haura shekara 3,000 kuma wasu bakunansu suna tsaye. Ku lura, mangaza ce ta ajiyar kaya, ba fada ba. Dabarar ita ce a fara tada bangon ƙarshen ɗaki ya yi tsawo, a zana siffar baka a jikinsa, sannan a riƙa manna ƙananan bulo masu faɗi a jingine. Layin farko ya jingina da bango, na biyu ya jingina da na farko, haka har a kai ɗaya ƙarshen, ba tare da an tokare da katako ko ɗaya ba. In ƙubba ake so, sai a kafa turke a tsakiyar ɗaki, a ɗaura masa waya, tsawon wayar ya riƙa nuna inda kowane bulo zai zauna. Wani mai zanen gine-gine ɗan Masar, Hasan Fathi, shi ya ɗauko maginan Aswan ya fito da aikinsu duniya ta gani, musamman a ƙauyen Sabuwar Gurna da ya fara a 1945. Ba a kammala ƙauyen ba, domin mutanen da aka gina wa ba su so tashi daga tsohon mazauninsu.

Wasu samari da suka yi aiki da Fathi sun kafa ƙungiya mai suna Development Workshop. A 1980 aka gayyace su Cikal, cikin ƙasar Kurfai wajen Filinge, inda wani shirin yaƙi da hamada yake aiki, suka koya wa maginan wurin wannan rufi. Daga nan aka san shi da gini ba itace. Sai da aka yi masa gyara, domin a Nuba ana iya shekara ba a ga ruwan sama ba, mu kuwa namu a dare ɗaya yake zubo da na wata guda. Aka ƙara kaurin bango, aka cike kwarin da ke tsakanin bakuna don ruwa ya gangara, aka kula da indararo. Aikin ya kai Iferwan cikin Abzin, ya bazu wasu sassan Nijar, ya shiga Mali da Burkina Faso. Da rani ake tara magina a horar da su na makonni, su fara da gwaji, su ƙare da gina ɗaki na gaske. A shekarun farko yawancin masu ba su aiki ofisoshi ne da shirye-shiryen agaji. Talaka sai da ya ga rufin ya ci damuna bayan damuna kafin ya yarda ya kwantar da iyalinsa a ƙarƙashinsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Masu zuwa Abijan ta Wagadugu sun san Boromo, inda motoci ke tsayawa kafin Bobo. A nan ne wani magini Bafaranshe, Toma Garanye, da wani manomin garin, Seri Yulu, suka gwada rufin a 1998, suka kafa ƙungiyar rufin Nuba a 2000. Su sai suka sauƙaƙa abin. Faɗin ɗaki ba ya wuce mita uku da 'yan kai, tsawo kuwa yadda mutum yake so. Bangon da ke ɗaukar baka kaurinsa santimita 60 ne. A sama a shimfiɗa leda, a binne ta da ƙasa don rana kada ta ci ta. Mai gida shi ke kawo ƙasa da ruwa da duwatsu da 'yan taya aiki, kuɗin hannu kawai yake biyan magini, almajiran magini kuma a wurin aikin suke koyo, mataki-mataki, har su kai ga karɓar aiki da kansu. A ganina wannan ya fi kama da tsarin Sarkin Magina na da, kuma ya fi ɗorewa, domin wanda ya koyi sana'a a kan aikin da aka biya ya san akwai kasuwa. Yau dubban gidaje irin wannan suna Burkina, Mali, Senegal, arewacin Gana da arewacin Benin. Lokacin aikin kuma shi ne rani, daidai sa'ad da samarin ƙauye ke cika motocinmu zuwa cin rani.

Akwai abin da ba za a ɓoye ba. A watan Agusta 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufta ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka, Allah ya ji ƙansu. A Satumba 2024 ruwa ya rusa tsohon masallacin Birni a Damagaram, kuma a damunar nan gidajen ƙasa masu yawa sun zube a Maraɗi da sauran jihohi. Ginin ƙasa yana son harsashin dutse, yana son tudu, yana son a duba yaɓe da indararo kafin hadarin farko. Da, kowane maigida ya san wannan kamar yadda ya san sharar gona. Yanzu ana gini a kwari, a kan hanyar ruwa, da ƙasar da ba a zaɓa ba, a hannun wanda bai zauna gaban ubangida ba. Rufin baka kuwa ya fi kowane rashin yafiya, in aka rage kaurin bango don tsimi, nauyinsa zai tura bangon waje.

Wani reshen tarihin yana Dandaji, ita ma cikin jihar Tawa. A 2018 Mariam Isufu Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Ismaili suka mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, maginan yankin suka yi aikin. Mariam ta kuma zana kasuwar garin da irin wannan bulo. Ga rumfunan kasuwa na ƙasa a ƙarni na 21, a kan hanyar da muke bi.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne iyaka. Najeriya ta rufe tata daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024. Kowa ya ga gine-ginen da suka tsaya a rabi saboda buhun siminti da bandir ɗin kwano sun gagara, duk da masana'antar Malbaza tana nan. Magini mai aikin ƙasa bai jira duwan ko kwastan ba. Mu kuma muna da kayan da zafin kwano ke lalatawa a mangaza: goro, magani, iri, man shafawa. Albasar Galmi tata daban ce, iska take so, shi ya sa ake zuba ta a rudu, wanda zai gina mata ɗakin ƙasa sai ya bar tagogi ƙasa da sama.

Rassanmu da dama suna maganar gina wurin ajiya da masaukin direbobi a bakin iyaka. Kafin a sa hannu a kan lissafin kwano da rodi, ina roƙon shugabanni su aika mutum biyu Cikal ko Boromo, su shiga ɗakin da ya ci damuna goma da rana tsaka, su tambayi mai shi nawa ya kashe da abin da yake gyarawa duk shekara. In aka yanke shawarar ginawa, a sa cikin yarjejeniya cewa maginin zai ɗauki 'ya'yan mambobi uku ko huɗu su yi aikin tare da shi tun daga harsashi.