Inabi Ba Baƙo Ba Ne

Kwanaki wata mai karatu ta ƙalubalance ni, wai don me na sa inabi a littafina, ai ba Hausa ba ce. Tana da rabin gaskiya. Daga "inab" na Larabci muka aro, muka ɗora mata wasalin "i", domin bakin Bahaushe bai cika son tsayawa kan baƙi ba. Ibrananci ma "enav" yake cewa, tushensu ɗaya. Busasshensa shi ne "zabib", wato zabibi a wurinmu. Masu Swahili kuwa har ɗanyen "zabibu" suke ce masa.

Ni a makarantar allo na fara jin sunan, cikin Suratu Abasa, shekaru kafin in ɗanɗana shi. Kalmar da kakanninmu suka haddace, yau ita ce baƙuwa? Ba zan goge ta ba.