Yadda ƙwayoyin cutar hanji ke tsallaka iyaka a jikin masu ƙandarewar hanta

A cikin hanjin ɗan Adam akwai tiriliyoyin ƙwayoyin bakteriya. Mafi yawansu suna zaune a babban hanji, suna taimakawa wajen narkar da abinci, suna samar da wasu sinadaran bitamin, suna kuma hana miyagun ƙwayoyi samun wurin zama. Muddin suna cikin hanji, ba su da wata illa ga mai lafiya.

Matsala takan taso ne idan suka ratsa bangon hanji, suka shiga kaluluwar da ke kewaye da shi, daga nan suka isa jini ko ruwan da ya taru a ciki. Wannan tsallakewa tana cikin manyan dalilan da ke sa ciwon hanta da ya daɗe ya rikiɗe ya zama ajali. A shekarar 1979 ne masu bincike biyu a Amurka, Rodney Berg da Garlington, suka fayyace ma'anarta bayan gwajin da suka yi a kan ɓeraye.

Alaƙar hanji da hanta

Kusan kashi 75 cikin ɗari na jinin da ke shiga hanta yana zuwa ne ta babbar jijiyar fotal, wadda ke kwaso jini daga hanji da saifa. Saboda haka duk abin da ya ratsa bangon hanji ya shiga jini, hanta ce ke fara tarbarsa.

A cikin hanta akwai ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin Kupffer, da sunan masanin Jamus Karl von Kupffer da ya bayyana su a 1876. Aikinsu shi ne cafke bakteriya da gubarta kafin jinin ya wuce zuwa zuciya. Ita kuma hanta tana aika ruwan maɗaciya zuwa hanji, wanda ke narkar da maiƙo tare da rage yawaitar ƙwayoyin cuta a ƙaramin hanji.

Idan hanta ta ƙandare, wato tabo ya maye gurbin lafiyayyen namanta bayan shekaru na kumburi, wannan tsari yakan lalace ta fuskoki uku.

Abubuwa uku da ke buɗe hanya

Na farko shi ne yawaitar bakteriya a ƙaramin hanji. Motsin hanji yakan yi sanyi, ruwan maɗaciya ya ragu, sai ƙwayoyin su samu damar hayayyafa a inda ya kamata su yi ƙaranci. Yawan shan magungunan rage ruwan tsamin ciki irin su omeprazole ba bisa buƙata ba yana ƙara wannan haɗari. Wani bincike da aka yi a ƙasar Sin, wanda mujallar Nature ta wallafa a 2014, ya gano cewa ƙwayoyin da asalinsu na baki ne, irin su Veillonella da Streptococcus, suna yawaita a hanjin masu wannan ciwo.

Na biyu shi ne raunin bangon hanji. Ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗa a cikin hanji a manne suke da juna, ga kuma majina da ke lulluɓe su. Idan jini ya kasa ratsa hanta cikin sauƙi, matsi yakan hau a jijiyar fotal, bangon hanji ya kumbura, mahaɗan su saki. Barasa da ƙarancin abinci mai gina jiki suna ƙara lalata su.

Na uku shi ne raunin garkuwar jiki. Hantar da ta ƙandare ba ta iya samar da isassun sunadaran yaƙi da cuta, kuma jini yakan nemi wasu ƙananan jijiyoyi ya kauce wa hanta, ya shiga jiki ba tare da an tace shi ba.

Ƙwayoyin da suka fi tsallakewa su ne Escherichia coli da Klebsiella pneumoniae da dangin Enterococcus. Haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon tsanantar ciwon hantar.

Abin da ke biyo baya

Sanannen sakamako shi ne harbuwar ruwan ciki. Masu ƙandarewar hanta da yawa ruwa yakan taru a cikinsu, kuma bakteriya na iya shiga wannan ruwa ba tare da hanji ya huje ko an ji rauni ba. Likitan Amurka Harold Conn na Jami'ar Yale ya bayyana wannan yanayi a 1964. Alamominsa sun haɗa da zazzaɓi, ciwon ciki, ruɗewa da raguwar fitsari. Wani majinyacin kuma ba ya nuna wata alama ko kaɗan.

Don haka ƙa'idar likitoci ita ce a zuƙi ɗan ruwan da allura a duba shi, ga duk mai ruwan ciki da aka kwantar a asibiti. Idan aka samu fararen ƙwayoyin jini nau'in nutrofil 250 ko fiye a kowace milimita kubik ɗaya, sai a fara magani nan take, ba tare da jiran sakamakon rainon ƙwayar cutar ba.

Ko da bakteriya mai rai ba ta isa jini ba, ɓurɓushinta na isa. Gubar da ke jikin bangonta, wadda ake kira endotoksin, tana tayar da garkuwar jiki, ta sa a saki sinadaran kumburi. Waɗannan suna buɗe jijiyoyin ciki fiye da kima, bugun jini ya sauka, ƙoda ta rasa isasshen jini har ta daina aiki. Haka kuma suna ƙara tunzura ƙwayoyin da ke haifar da tabo a hanta, ciwon ya ci gaba da ciyar da kansa.

Ƙwaƙwalwa ma ba ta tsira. Bakteriyar hanji na cikin masu samar da sinadarin amoniya, wanda lafiyayyar hanta ke sarrafawa. Idan ya taru a jini tare da kumburi, majinyaci yakan fara barci da rana yana farkawa da dare, ya riƙa mantuwa da sambatu, hannunsa na karkarwa, har ta kai shi ga doguwar suma. Iyalai da dama sukan ɗauki wannan a matsayin taɓin hankali ko shafar iska, lokacin zuwa asibiti ya ƙure.

Magani da kariya

Ana maganin harbuwar ruwan ciki da allurar kashe bakteriya irin su cefotaxime ko ceftriaxone, tare da ƙarin sunadarin albumin ta jijiya. Wani gwaji da aka yi a Sifaniya kan majinyata 126, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa ƙara albumin ya rage lalacewar ƙoda daga kashi 33 zuwa kashi 10 cikin ɗari, mutuwa a asibiti kuma daga kashi 29 zuwa kashi 10.

Ciwon yana yawan dawowa. A wani gwajin da likitocin Basalona suka wallafa a 1990, shan norfloxacin kullum ya rage yiwuwar dawowarsa cikin shekara guda daga kashi 68 zuwa kashi 20. Haka nan wanda ya yi aman jini saboda fashewar jijiyoyin maƙoshi ana ba shi maganin kashe bakteriya na tsawon kwanakin da ba su wuce bakwai ba, domin zubar jini na ƙara buɗe wa ƙwayoyin hanya.

Ga ruɗewar ƙwaƙwalwa, ana amfani da lactulose, wanda ke sa bayan gida ya yi laushi ya fitar da amoniya, da kuma rifaximin, wanda mafi yawansa ke tsayawa a cikin hanji. Gwajin 2010 kan mutum 299 ya nuna ruɗewar ta dawo wa kashi 22 na masu shan rifaximin cikin wata shida, alhali ta dawo wa kashi 46 na waɗanda ba su sha ba.

Sai dai daɗewa a kan irin waɗannan magunguna na haifar da bakteriya mai bijire wa magani. Wannan ne ya sa ba a ba da su sai ga waɗanda ke cikin babban haɗari, kuma bisa umarnin likita. Sayen su a kemis ba tare da gwaji ba yana ƙara dagula lamarin.

Halin da ake ciki a Najeriya

A Najeriya, ƙwayar cutar hanta nau'in B ce kan gaba wajen haddasa ƙandarewar hanta, sai nau'in C da barasa. Binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. A duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B a 2022.

Ba kowane ruwan ciki ba ne daga hanta yake. Tarin fuka na ciki, ciwon zuciya da ciwon ƙoda duk suna kawo shi, shi ya sa gwajin ruwan yake da muhimmanci kafin a yanke hukunci.

Hanyar kariya mafi inganci ita ce hana hanta kaiwa ga ƙandarewa. Rigakafin nau'in B yana cikin jadawalin rigakafin yara na ƙasa tun 2004, kuma ana so a yi wa jariri allurar farko cikin sa'o'i 24 da haihuwa. Maganin tenofovir yana danne nau'in B, nau'in C kuma ana warkar da shi da ƙwayoyin sha na wata biyu zuwa uku.

Wanda aka riga aka tabbatar hantarsa ta ƙandare, ya kamata ya bar barasa gaba ɗaya, ya rage gishiri, ya ci abinci mai gina jiki, ya guji magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Idan kuma zazzaɓi, ciwon ciki, ruɗewa, aman jini ko baƙin bayan gida suka bayyana, a garzaya da shi asibiti a ranar.