Hubbaren Malam Abdullahi na Gwandu

Kowace al'umma tana da inda take yin tattaki neman albarka. Hindu na ƙasar Indiya sukan tafi Banaras su yi wanka cikin kogin Ganga, wai ruwansa yana wanke zunubi. Mu kuwa nan ƙasar Gwandu kabarin malami muke ziyarta, watau Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, wanda ya rasu cikin 1829.

To, ga abin mamaki, jama'a. Wannan da ake takowa dominsa, shi ma ya taɓa ɗaura niyyar tafiya, Allah bai nufa ba. Bayan yaƙin Alwasa na 1805 ya ga mutane sun soma karkata ga dukiya da sarauta, ransa ya ɓaci, ya kama hanyar Makka. Da ya isa Kano mutanen gari suka tsare shi da roƙo, ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya komo gida. Har ya cika bai ga Ka'aba ba.

Masu ziyara sukan yi sallama, su yi masa addu'a, su ba da sadaka. Waɗansu har shafar bango suke don tabarruki, malamai na ta hani, ba su bari ba.